Kabejin da Ya Ƙi Auren Gida

Tun da aka amince da masarar TELA, wadda aka sauya wa ƙwayoyin halitta, a 2024 gardamar iri ta ƙi kwanciya. A bakin tafkin Kainji, daga Shanga zuwa Yauri, inda mai albasa ya saba ajiye irinsa da kansa, zargin da ake yi shi ne kamfanoni sun dakushe irin gwangwani don dole a koma saye kowace shekara. Ni dai ina ganin labarin ya girmi kamfanonin, kuma kabeji ne shaida.

An daɗe da lura cewa wasu furanni ba sa yin 'ya'ya da garin furen jikinsu. Kölreuter ya gani a 1764, Darwin ya yi littafi a 1876, a 1925 kuma East da Mangelsdorf suka nuna a jikin dangin taba cewa abin gado ne. Amma ta yaya fure ke gane nasa? Nan aka daɗe ana lalube.

Amsar ta fito daga Jami'ar Cornell ta Amurka, ɗakin binciken June da Mikhail Nasrallah. A 1991 suka gano wani furotin, SRK, da ke zaune a kan bakin macen furen dangin kabeji. A 1999 suka gano abokinsa, SCR, a jikin garin furen. A 2001 Takayama da abokan aikinsa a Japan suka nuna abin da ke faruwa in biyun suka haɗu alhali gidansu ɗaya: SRK ya liƙa wa kansa fosfet, wannan liƙin ya kunna shi. Wasu binciken kuma suka nuna saƙo na wucewa ga wasu furotin irin su ARC1, sai macen ta hana garin ruwa, ya kasa tsiro. Garin baƙo kuwa ya wuce salin-alin. Kabeji dai ba ya auren gida.

Masu zargi za su ce ai kamfani ya ci moriyar abin. Ya ci, har ma ya riga malaman Cornell: tun 1950 kamfanin Takii na Japan ya fitar da kabejin haɗi ta wannan hanya, ana jera layuka biyu da kowanne ba ya karɓar nasa, ƙudan zuma su gama aikin. Irin yana tsirowa sarai. 'Ya'yansa ne ke fitowa barkatai, wani ya dunƙule wani ya baje. Ga shi kuma kabeji sai ya sha sanyi mai tsawo kafin ya yi fure, sanyin da hunturun Shanga bai kai ba.