Tsamin bakin yara: yadda sautukan magana ke zuwa, da lokacin da ya kamata a damu

Yaro ɗan shekara uku da ke cewa "luwa" maimakon "ruwa" ba lallai ne yana da wata larura ba. Sautukan magana ba sa sauka bakin yaro lokaci guda. Bi da bi suke zuwa, kuma tsarin zuwansu ya yi kama a harsuna da dama.

Tsakanin wata shida zuwa goma jariri kan fara maimaita gaɓa ɗaya: ba-ba-ba, ma-ma-ma, da-da-da. Sautukan leɓe, wato "b" da "m", suna cikin na farko, domin haɗa leɓɓa ya fi sarrafa harshe sauƙi. Kalmar farko kan fito wajajen shekara ɗaya, haɗa kalmomi biyu kuma wajajen shekara biyu.

Mai wuyar sha'ani shi ne "r". Hausa ma iri biyu gare ta, duk da rubutu bai bambanta su ba: wadda harshe ke lanƙwasawa ya buga sau ɗaya, kamar a "ruwa", da wadda yake kaɗawa, kamar a ƙarshen "biyar". Kafin yaro ya ƙware, yakan musanya ta da "l" ko "y". Wani nazari da Sharynne McLeod da Kathryn Crowe suka wallafa a 2018 kan harsuna 27 ya nuna yara kan mallaki akasarin baƙaƙen harshensu kafin su cika shekara biyar, kuma "r" mai kaɗawa tana cikin masu zuwa a makare.

Ma'aunin da masana ke amfani da shi shi ne kunnen baƙo, ba na uwa ba, domin uwa tana gane komai. A shekara biyu baƙo zai fahimci kusan rabin maganar yaro, a shekara huɗu kusan dukkanta. Jin Hausa a gida da Turanci a makaranta ba ya haddasa larurar magana.

Idan yaro ya kai shekara ɗaya ba ya gwalantu, ko ba ya waiwayowa in an kira sunansa, kunnensa ya kamata a fara dubawa kafin a je wajen wanzami yankan linzami. Sanƙarau, ƙyanda, shawara mai tsanani bayan haihuwa da kunne mai yawan fitar da mugunya duk suna iya rage ji, yaron da bai ji sauti ba kuwa ba zai kwaikwaye shi ba. Ana gwajin ji a sashen kunne, hanci da maƙogwaro na asibitocin koyarwa, da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna.