Daga tende zuwa gitar: tarihin wasa da shagali a Arlit da kewayenta



Duk lokacin da aka tashi ba da tarihin garin nan, da ma'adini ake farawa, da shi kuma ake rufewa: yaushe aka fara haƙa, tan nawa aka fitar, wa ya ci riba. Yau wani ɓangare za mu duba, wato abin da mutane ke yi in an tashi daga aiki: kiɗa, wasan kwaikwayo, kokawa, kallo da bukukuwan shekara. Dalilinmu shi ne, tun da aka rufe COMINAK tambaya ɗaya ke yawo a fada da gidajen buki: in kuɗin ma'adini ya janye, wa zai riƙe wasa a garin nan? Amsar tana cikin abin da ya wuce.

Kafin a aza tubali ko ɗaya a Arlit, ƙasar nan makiyaya ce ta Abzinawa, kuma tana da nata shagali. Babban abin kiɗa shi ne tende: turmin daka ne ake ɗaure wa fatar akuya, a yayyafa mata ruwa don ta ba da murya, mata su zauna kewaye suna waƙa da tafi, maza bisa raƙuman da aka yi wa ado suna zagaya su daidai da kiɗan. Akwai kuma imzad, goge mai tsirkiya ɗaya wanda mata kaɗai ke kaɗawa, wanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2013 da sunan Nijar, Mali da Aljeriya. Wannan shagali ruwan sama ke sa masa lokaci. In damina ta yi kyau, ciyawa ta fito, nono ya wadata, sai aure da suna su yawaita, sai kuma a nufi Ingal wajen watan Satumba don shan gishirin dabbobi, taron da Nasara suka kira Cure Salée. Har gobe, a rugagen karkarar Dannat, wannan lissafi ake bi.

Sai ga uraniyom. An kafa SOMAÏR a 1968, aka fara gina gari a 1969, aka fara fitar da ma'adini a 1971. COMINAK ta biyo baya a 1974, ta fara aiki a 1978, da ita Akokan ta tashi. Cikin ƴan shekaru, wurin da babu kowa sai makiyaya ya cika da Hausawan Tawa, Maraɗi da Damagaram, da Zabarmawa, Barebari, Fulani, da mutanen Benin, Togo, Gana da Najeriya, ga kuma Faransawa da iyalansu. Aka shimfiɗa hanyar kwalta daga Tawa mai tsawon sama da kilomita 600, wadda muke kira hanyar uraniyom, wuta kuma ta zo daga gawayin SONICHAR na Cirozerin. A 1981 Nijar ta fitar da sama da tan 4,000. Lokacin ne aka raɗa wa Arlit sunan ƙaramar Paris.

To, wannan Paris ɗin tana da shinge. Gidajen site an raba su bisa muƙami: na manyan ma'aikata daban, na matsakaita daban, na leburori daban, haka ma wuraren shaƙatawa da ake kira serkil. Can ne ake da wurin ninƙaya a tsakiyar hamada, da kanti mai kayan Faransa, da shagalin ƙarshen shekara. Wanda ke da katin sosete ya shiga gwargwadon matsayinsa, wanda ba shi da shi ya tsaya daga waje. Kada mu raina abin da aka samu a ciki: yaran ma'aikata da yawa can suka fara buga ƙwallo a fili mai kyau, can suka fara hawa dandamali. Amma shagali ne na kasafi, ofis ke tsara shi, ofis ke biya.

A bayan shingen kuwa wani gari ne ya tashi da kansa, garin bukkoki, inda mahauta, teloli, direbobi, masu sayar da abinci da masu jiran a ɗauke su aiki suka zauna. Kowa ya zo da wasan garinsu cikin jakarsa. Yaran Hausawa suna fita tashe in azumi ya kai goma. Mahauta suna da dambensu da kalangu. Mutanen Damagaram sun san wasan kara, inda samari ke shiga irin ta gwamna da sarki da soja, su kwaikwayi manya a gaban manyan, a yi dariya ba wanda ya yi fushi. Mutanen Agadas kuma ba su bar Biyanu a baya ba. Wanda ya taɓa ganin sa a Agadas, kilomita kamar 240 kudu da mu, ya san yadda ake: a farkon watan Muharram, lokacin cika-ciki, ƴan gabas da ƴan yamma kowa da tamburansa, samari cikin manyan riguna da rawani, a kwana a Alarsas, da safe a shigo gari ana rawa da ganyen kaba a hannu. Babu mai sayar da tikiti, babu mai tambayar katinka.

Hannu na uku da ya shigo cikin wasa shi ne na gwamnati. Bayan Seyni Kountché ya karɓi mulki ranar 15 ga Afrilu 1974, ya farfaɗo da samariya a kowace unguwa da kowane ƙauye. A 1975 aka fara kokawar ƙasa ta takobi a Tawa, a 1976 aka fara bikin matasa na ƙasa a Damagaram, wanda ke zagaya manyan garuruwan jihohi. Tsarin a fili yake: ƙungiyoyin wasa su kara a matakin ƙaramar hukuma, waɗanda suka yi fice su wakilci jiha, a haɗu a gasar ƙasa a kan waƙa, rawa da wasan kwaikwayo. Wannan ya sa samarin Arlit, ɗan Bahaushe da ɗan Ba'abzine da ɗan Bazabarme, suka riƙa kwana suna gwaji tare don kada a kunyata Agadas. A rediyo da tele kuwa, ƙungiyar Yazi Dogo ta Damagaram ta koya wa ƙasa duka cewa ana iya yin wasan kwaikwayo da Hausa tsantsa, a kan rikicin kishiyoyi, cin hanci da wayon ɗan birni, mutane su bar abin da suke yi su zauna kallo.

Gaskiya ne yawancin wasannin samariya saƙon hukuma suke ɗauke da shi: haɗin kan ƙasa, dasa itace, kai yara lakwal. Duk da haka ɗan wasa mai basira yakan san yadda zai saka tasa maganar a tsakiya, ƴan kallo su gane, mai mulki ya yi kamar bai ji ba.

Daga farkon shekarun 1980 kuɗin uraniyom ya faɗi a kasuwar duniya, bayan haɗarin tashar nukiliya ta Three Mile Island a Amurka a 1979 ya sa ƙasashe da dama sun ja baya. Aka rage ma'aikata, Turawa da yawa suka koma gida, kasafin shagali ya tsuke. Kountché ya rasu a Nuwamba 1987, bayan taron ƙasa na 1991 samariya ta watse, faɗuwar darajar sefa a Janairu 1994 ta ƙarasa abin da ya rage. Kun ga hannu biyu sun saki wasa kusan lokaci guda, na sosete da na gwamnati.

Me ya cike gurbin? Abu uku. Na farko gidajen bidiyo: zaure ko rumfa, tele ɗaya, benci, a biya ƴan daloli a kalli fim ɗin Indiya ko na karate, daga baya finafinan Kano suka mamaye, musamman bayan Sangaya. Na biyu fada, inda samarin da ba su da aiki suka mai da butar shayi da rediyo mai kaset majalisarsu. Na uku, wanda ya fi kai sunan yankin nan nesa, shi ne gitar.

Kiɗan gitar na ishumar ya taso ne daga samarin Abzinawa da fari na 1973 da na 1984 ya kora zuwa Aljeriya da Libiya neman aiki. Bayan abin da ya faru a Cintabaradan a Mayu 1990 da tawayen da ya biyo baya, kaset ɗin Abdallah Oumbadougou da ƙungiyarsa Takrist n'Akal suka zama haramtattu, amma suna yawo daga hannu zuwa hannu, ana kwafa a ɓoye. Da aka sa hannu kan yarjejeniyar sulhu ranar 24 ga Afrilu 1995, gitar ta fito fili, ta shiga gidajen aure, har ta zama buki ba ya cika sai da ita. Shi Abdallah da ya dawo gida ya buɗe makarantar koyon kiɗa a nan Arlit, don yara su riƙe gitar maimakon bindiga. Ya rasu a 2020, Allah ya jiƙansa.

Shekarun sulhu sun kawo bukukuwan da ba a saba gani ba. A 1998 Alphadi ya kai bikin tufafi na FIMA duwatsun Tigidit. Ranar 25 ga Satumba 2000 aka ƙona makamai a Agadas. Daga 2001 bikin Ayar na Iferwan ya zama abin jira a kowane ƙarshen Disamba, da tseren raƙuma, gasar tende da baje kolin maƙera. Lokacin sanyi ya zama kakar baƙi: direbobi, masu dafa abinci, maƙeran azurfa da makaɗa duk suna samu. Sai tawayen 2007 ya katse komai, sace mutum bakwai a Arlit a Satumba 2010 da harin 23 ga Mayu 2013 suka rufe ƙofar yawon buɗe ido. Bombino, wanda ya yi gudun hijira zuwa Burkina Faso, ya dawo ya yi wasa a gindin babban masallacin Agadas a Janairu 2010, daga nan duniya ta ɗauke shi. Mdou Moctar da Etran de l'Aïr su ma sun bi wannan hanya. Abin lura a nan: duk waɗannan a gidajen buki suka koyi sana'arsu, da kuɗin liƙi na talakawa.

Garin kansa ya shiga fim. A 2005 Idrissou Mora-Kpai, ɗan ƙasar Benin, ya fitar da Arlit, deuxième Paris, inda tsofaffin ma'aikata ke ba da labarin zamanin wadata da abin da ya biyo baya. A 2016 Amina Weira, wadda mahaifinta ya yi aikin ma'adini a nan, ta fitar da La Colère dans le vent, a kan ƙura da iska da lafiyar jama'a. An nuna finafinan nan a ƙasashen waje, amma ku tambayi ƴan lakwal na Akokan, nawa ne suka taɓa ganin su?

COMINAK ta tsaida aiki ranar 31 ga Maris 2021, ma'aikata kusan 600 suka rasa gurbi, banda na ƴan kwangila. A Yuni 2025 gwamnati ta mai da SOMAÏR mallakar ƙasa. Kowa na da ra'ayinsa a kan waɗannan, ba su ne zancenmu na yau ba. Abin da tarihin shekara hamsin da ɗoriya ya nuna mana shi ne, shagalin da ya dogara da kasafin ofis yana tafiya ranar da kasafin ya tafi. Tende, tashe, Biyanu, kokawa da gitar buki kuwa sun haye faɗuwar kasuwa da tawaye biyu, saboda masu yin su su ne masu biyan su. Da Agadas ta karɓi kokawar takobi a Disamba 2023, inda Issaka Issaka na Doso ya ɗauki takobinsa na shida, kun ga yadda gari ya koma gaban tele da waya, babba da yaro.

Sai dai akwai wanda bai haye ba, shi ne wasan kwaikwayo na dandamali. Shi yana son wurin gwaji, da mai koyarwa, da haƙurin watanni, ba ya rayuwa da liƙi kaɗai. Waɗanda suka yi shi a zamanin samariya yau sun tsufa, wasu sun koma garuruwansu bayan ritaya, kuma wasanninsu ba a rubuce suke ba, a ka suke. Kowane ɗaya da ya tafi, da wasa goma yake tafiya.

Don haka ga roƙonmu. Wanda ke da tsohon hoto na samariya, na serkil, na Biyanu ko na tashe, ko kaset na buki da ke kwance cikin akwati, ya ɗauke shi da waya ya aiko, tare da shekara da unguwa. Wanda ke da tsoho a gida da ya taɓa hawa dandamali, ya zauna da shi ya naɗi muryarsa tun yana iya ba da labari. Malaman lakwal su nemi finafinan nan biyu su nuna wa ɗalibai. Ƴan fada kuma, cikin kuɗin shayi na wata guda ana iya fitar da na fitila da lasifika, a gwada wasa ɗaya a lokacin sanyin bana, a gayyaci ƴan tende daga Dannat su buɗe fili. Ƴan kasuwa da ƴan majalisar gari, in an zo muku da wannan magana ku saurara.

Allah ya jiƙan magabatanmu da suka raya garin nan da guminsu da muryoyinsu, ya ba mu lafiya da zama lafiya. Sai mun ji daga gare ku.