Tarihin Fadamun Wurno da Raba da Goronyo

A gabas da birnin Sakkwato akwai manyan gulabe biyu. Gulbin Rima ya biyo ta Goronyo ya wuce ta gindin Wurno, Gulbin Sakkwato kuwa ya biyo ta Raba, sa'an nan su gamu kusa da birni. Ko wane gulbi yana da fadamarsa mai faɗi, ita ce kuwa rumbun mutanen wannan ƙasa, domin daminarsu gajera ce, ba ta cika wuce wata huɗu ba.

Abin da ke rayar da fadama shi ne cikowar gulbi. A da, in watan Agusta ya kama, sai ruwa ya haye gaɓa ya malale fadama duka. Yakan kwanta makonni, ya zubar da laka mai taki, ya cika tafkuna, ya jiƙa ƙasa har can ciki. Manomi ya shuka shinkafa ta tashi tare da ruwa. Kifi ya shiga cikin ciyawa ya yi ƙwai. In ruwa ya janye, masunta su faɗa tafkuna, masu lambu su kafa jigo su dasa albasa da tafarnuwa, Fulani kuma su gangaro da shanu su ci ɗanyar ciyawa da rani. Watau fili ɗaya ne, amma sana'a uku ke ci a cikinsa, ko wacce da lokacinta.

Magabata sun san darajar wannan wuri. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa Wurno wajen shekarar 1830, ya mai da ita ribaɗi, ya kwaɗaitar da makiyaya su zauna su yi noma. A nan ya rasu a 1837, a nan kuma kabarinsa ya ke. Raba ma garin zuriyarsa ne, can aka haifi Sardauna Ahmadu Bello. A zamanin nan fadama tana da masu tsaronta. Sarkin Ruwa shi ke faɗin ranar da za a shiga tafki su, Arɗo da mai gari su ke shata burtali da mashaya, don kada shanu su faɗa gona.

Bayan farin da aka yi a 1973, gwamnati ta ga ya kamata a tare ruwa a ajiye don noman rani. Aka kafa Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. A 1978 aka gama madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, kusa da Talatar Mafara. A 1984 aka gama ta Goronyo a kan Rima, wadda ke iya riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 900. Niyyar kirki ce, kuma gonaki da yawa sun sami ruwan rani, birnin Sakkwato ma ya sami ruwan sha.

Amma fa ba a shawarci talakawa ba. A Bakolori manoman da aka karɓe wa gonaki suka tayar da ƙayar baya, har 'yan sanda suka kashe mutane da dama a 1980. Mutanen da ke gangaren madatsa kuwa, irin na wajen Raba, sai suka ga gulbi ya daina cikowa kamar da. Shinkafa ta ragu, aka koma shuka gero da dawa a inda da ruwa ke kwanciya, kifi kuma ya yi ƙaranci. Wani lokaci kuma a saki ruwa ba zato. A watan Satumba na 2010 ruwa ya fi ƙarfin madatsar Goronyo, ya cinye ƙauyuka da gonaki, har ya yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Tun daga 1993 gwamnati da Bankin Duniya suka soma Shirin Fadama, aka haƙa ƙananan rijiyoyin burtsatse, aka sayar wa manoma injin ban ruwa. Daga baya aka gane manomi kaɗai ake taimako, rigima kuma tana ƙaruwa tsakaninsa da makiyayi. Sabo da haka a kashi na biyu da na uku na shirin sai aka kafa ƙungiyoyi, manoma da makiyaya da masunta da mata su zauna tare su zaɓi aikin da za a yi. Duk da haka sai mu tuna, inji ba ya haifar ruwa. Abin da ya ke zuƙowa, cikowar gulbi ce ta ajiye shi a ƙarƙashin ƙasa.

Shin fadamar da ta bushe tana farfaɗowa? Ga misali daga bakin teku. A ƙasar Muritaniya, inda Kogin Sanagal ke shiga teku, akwai wata fadama ana ce da ita Diawling. Da aka gama madatsar Diama a 1986, sai ta bushe, gishiri ya ci ƙasa, mutane suka watse. Daga 1994 aka gina ƙofofin ruwa, aka riƙa sakinsa ko wace shekara kamar cikowar da. Masunta su suka faɗi lokacin da kifi ke son ruwa, mata masu saƙar tabarma suka faɗi yadda ciyawarsu ke son sa. Da aka bi shawararsu, cikin 'yan shekaru kifi da ciyawa da tsuntsaye suka komo.

To, abin da tarihi ya koya mana ke nan. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa. Madatsa ta riga ta zauna, ba mai ɗauke ta, amma ranar buɗe ƙofarta da yawan ruwan da za a saki, wannan shawara ce ta mutane. Wajibi ne a sa wakilan manoma da masunta da makiyaya a cikinta, a kuma sanar da ƙauyuka kafin a saki ruwa. Mu kuma namu aikin shi ne mu shiga ƙungiyar garinmu, mu bar burtali a buɗe, mu yashe magudanai, kada mu nome bakin tafki, kada kuma mu kama 'ya'yan kifi. Wanda ya iya karatu ya rubuta wa ƙungiya ranar da ruwa ya zo da inda ya kai ko wace shekara, domin hujjar da ke rubuce ita ake saurara a gaban hukuma. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.