Haihuwar Wada da Zanen Nasaba a Garwa: Daga Wa Aka Gada?

Idan aka haifi wada a gidan da uwa da uba duk tsayinsu daidai yake, dangi kan fara da tambayar daga ina abin ya fito. A Garwa, kamar sauran garuruwan arewacin Kamaru, amsa takan riga bincike isowa: "Mu dai a gidanmu ba a taɓa yi ba." Kowa ya san inda maganar ta dosa, wato dangin uwa. Hujjar da nake son kafawa ita ce, zanen nasaba da aka yi bisa ƙa'ida, da biro da takarda kawai, ya isa ya rushe wannan zargi a mafi yawan lokuta, muddin an gyara irin nasabar da muka saba riƙewa.

Nau'in wannan halitta da ya fi yawa shi ne wanda likitoci ke kira akondoroplasiya. Gangar jiki kusan daidai take, damatsa da cinyoyi gajeru, kai babba, goshi ya turo, karan hanci ya lotsa, hankali kuwa lafiya lau. Ana samunsa a kusan haihuwa 1 cikin 25,000, kuma namiji kan tsaya wajen santimita 131, mace 124. A 1994 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine da wasu a asibitin Necker na birnin Paris suka gano cewa sauyi ne a ƙwayar gado mai suna FGFR3, a kan kuromosom na 4. Aikinta shi ne taka wa guringuntsi birki a inda ƙashi ke ƙara tsawo, sauyin kuma kan sa birkin ya maƙale.

Mutanenmu sun fara gane lissafin sikila, inda sai uwa da uba sun haɗa kafin ciwon ya bayyana, kuma mai AS yana ɗauke da abin ba tare da an gani ba. Kuskure ne a ɗora wannan lissafi a nan. Ƙwayar akondoroplasiya mai rinjaye ce: kwafi ɗaya ya isa, kuma duk mai ɗauke da ita ana ganinta a jikinsa. Ba ta ɓuya a jikin kaka ta ɓullo a jika. Wada da ya auri mai cikakken tsayi, kowane ciki rabi da rabi ne, ɗa namiji ko mace. Idan ma'auratan duka wadanni ne, kashi 25 cikin 100 ɗan zai zo da cikakken tsayi, kashi 50 ya zo kamar iyayensa, kashi 25 kuma ya gaji kwafi biyu, wanda da wuya ya wuce watannin farko saboda ƙuncin ƙirji.

Yin zanen ba wuya. Murabba'i namiji ne, da'ira mace ce, a cike alamar wanda abin ya shafa da tawada, a ja layi a kan wanda ya rasu, a hau aƙalla hawa uku zuwa kakanni ta ɓangarori biyu. Wahalar tana wajen tambaya. Garwa gari ne da ya san darajar salsala. Littafin da Ahmadou Bassoro da Eldridge Mohammadou suka fitar a 1980 kan tarihin garin ya ginu ne a kan abin da dattawa suka riƙe da ka. Sai dai salsalar sarauta da ta gado layin maza take bi. Likita yana buƙatar abin da ita ta tsallake: kowace mata da ɗakinta, wadda aka saki da 'ya'yan da ta haifa a wani gida, ɓari, da jaririn da ya koma kafin suna. Waɗannan ba a bakin maigida ake samunsu ba. Sai an zauna da goggo da inna da ungozoma, kuma sau da yawa sai mace ce ke tambayar.

Da zarar an kammala, abin da aka fi gani shi ne alama ɗaya tak mai tawada a cikin dangi guda. Kusan kashi 80 cikin 100 na masu wannan halitta iyayensu masu cikakken tsayi ne, sauyin sabo ne, a kansu ya fara. Tun 1912 Wilhelm Weinberg ya lura cewa abin ya fi faɗawa kan 'ya'yan ƙarshe, a 1955 Lionel Penrose ya nuna cewa shekarun uba ne ke da tasiri, sannan gwajin ƙwayoyin gado a 1998 ya tabbatar da cewa sabon sauyin daga maniyyin uba yake fitowa. Ƙwayoyin da ke samar da maniyyi ba sa daina rabuwa tsawon rayuwa, don haka kuskuren kwafi na taruwa da shekaru. A ƙasar da dattijo ke ƙara aure yana ci gaba da haihuwa, amarya ce ake tuhuma, alhali ba ta hannunta abin ya biyo ba. Ban faɗi haka don a juya zargin kan uba ba: ko ga mai shekaru haɗarin ƙanƙane ne, kuma babu abin da ya aikata. Yiwuwar a sake samun wani a cikin wannan aure bai kai 1 cikin 100 ba, saboda haka saki ko hana mace sake haihuwa ba su da madogara.

Zanen yana da iyaka. Auren zumunci ba ya jawo akondoroplasiya, amma idan 'ya'ya biyu na ɗan wa da 'yar ƙani masu cikakken tsayi suka zo gajeru, a nemi wani ciwon ƙashi mai ɓuya irin na sikila. Tamowa da ƙarancin aidin su ma suna hana girma. Dole a haɗa da awon jiki da hoton ƙashi.

Garwa tana da jami'arta tun 2022, da tsangayar koyon likitanci. Allurar vosoritide ta masu akondoroplasiya da Turai da Amurka suka amince da ita a 2021 ta fi ƙarfin aljihun talaka, amma koya wa ɗalibai da ma'aikatan jinya zanen nasaba ba ya cin kuɗi. Daga zanen ake sanin jaririn da za a sa wa ido kan numfashi cikin barci, da matsewar ramin ƙeya, da ciwon kunne, da kuma mace wada mai ciki da za a tura asibiti tun kafin naƙuda, domin ƙugunta ba ya ba da hanya sai an yi mata aiki.