Umarnin test

test umarni ne a tsarin Unix da danginsa, kamar Linux, wanda ke auna wani sharaɗi ya faɗi ko ya cika. Da shi ake gina hukunci cikin jerin umarnin shel, musamman tare da if da while. Ya fito a bugu na 7 na Unix a 1979, daga baya ya shiga ƙa'idojin POSIX.

Umarnin ba ya rubuta amsa a allo, lamba yake mayarwa: 0 idan sharaɗin ya cika, 1 idan bai cika ba, fiye da 1 idan an sami kuskure. Alamar -f tana duba ko fayil na yau da kullum yana nan, -z ko rubutu fanko ne, -eq kuma ko lambobi biyu daidai suke.

Ana kuma rubuta shi da alamar [, kamar [ -f rahoto.txt ]. Wajibi ne a bar tazara bayan ta, domin ita ma sunan umarni ce. Shel ɗin KornShell ya kawo wani salon rubuta sharaɗi, [[ ]], shel ɗin Bash da Zsh suka ɗauka.