PZ: Unguwar da sunanta ma talla ne

Idan ka taɓa shiga motar haya daga Samaru ka nufi Sabon Gari, ka ji kwandasta na ƙwala kira: "Kwangila, PZ, Kasuwa!" Kai ma ƙila ka sha cewa "PZ zan sauka". To, ka san duk sanda ka faɗi haka sunan kamfani ka ambata, kuma ko sisi ba a biya ka ba?

Haruffan nan biyu sunayen mutum biyu ne: George Paterson, mutumin Sikotilan, da George Zochonis, mutumin Girka. A Saliyo suka fara ciniki tare, suka yi wa kamfanin rajista a 1884, suka buɗe reshe a Legas a 1899. Da layin dogo ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, sai kamfanonin Turawa suka biyo shi, suka kakkafa kantuna kusa da tashar jirgi. A wannan lokacin ne ita ma Sabon Gari ta tsiro, don ma'aikatan jirgi da akawuna da baƙin 'yan kasuwa. Kantunan na sayen auduga da gyaɗa da fatu, suna sayar da atamfa da gishiri da kananzir da sabulu. Mutum ya ce ya tafi kantin PZ. Yau da gobe aka yar da "kanti", sunan ya manne wa wurin gaba ɗaya.

Kamfanin yana nan da ransa. Ya mallaki masana'antar sabulu a Aba a 1948, ya saye kamfanin Cussons na Ingila a 1975, ya koma PZ Cussons a 2002. Man Robb nasa ne, haka sabulun Premier da Canoe. Amma da wuya mai gyaran waya a PZ ya haɗa Robb ɗin da ke aljihunsa da sunan inda yake zaune. Ba Zariya kaɗai ba: Kano na da Bata da Kasuwar Singa, Kaduna na da shataletalen Leventis. Leƙa madafa ma, duk garin sabulu "omo" ne, duk dunƙulen miya "magi" ne, ko wa ya yi shi.

Wannan babu wanda ya tsara shi, haka ya faru. Sai dai masu talla sun daɗe da gane cewa ana iya shirya irinsa da gangan. A 1896, fim yana jariri, aka ɗauki wani gajeren fim na kamfanin 'yan'uwan Lumière a Siwizalan: mata na wanki, ga akwatunan sabulun Sunlight an ajiye suna fuskantar kyamara. Babu wanda ya ce ka saya. Mai sabulun, Lever Brothers, shi ne ya saye Kamfanin Neja a 1920, wanda daga baya ya shiga cikin UAC a 1929, babban kishiyar PZ a kasuwannin Arewa. A shekarun 1930 kuma kamfanonin sabulu a Amurka suka riƙa ɗaukar nauyin wasannin kwaikwayo na rediyo, har Turawa suka raɗa wa irin wasannin sunan sabulu.

Me ya sa abin ke aiki? Hausawa na cewa ido wa ka raina, wanda nake gani kullum. Bincike ya nuna akasin haka in ana maganar kaya. A 1968 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Robert Zajonc, ya nuna wa ɗalibai wasu alamomi masu kama da rubutun Sin da ba su san ma'anarsu ba, wata sau ɗaya, wata sau biyar, wata har sau 25. Sai ya ce su yi hasashe: wace ce ke nufin abu mai kyau? Waɗanda suka fi yawan gani su suka fi yi wa kyakkyawan zato. A 1980 shi da abokin aikinsa suka matsa gaba, suka riƙa walƙa siffofi cikin saurin da mutum ba ya ma sanin ya gani. Aka tambayi mutanen wacce suka taɓa gani, ba su iya tantancewa ba. Aka ce wacce ta fi burge su, sai suka fi karkata ga wadda aka walƙa musu. Abin da ƙwaƙwalwa ta saba da shi yana shigar mata cikin sauƙi, ita kuma sai ta ɗauki sauƙin nan a matsayin aminci. Ashe ɗaya karin maganar ce ta fi dacewa: sabo turken wawa.

Akwai abu na biyu. Da zarar ka gane talla ake maka, sai ka ɗaura ɗamara. Mai maganin gargajiya da lasifika a bakin kasuwa, kana jin sa ka san ciniki ya kawo shi, kana auna maganarsa. Amma tauraruwar da kake kallo kullum a TikTok ko Instagram, ka san ɗakinta, ka san sunan ɗanta, ka taya ta murnar biki, ai ba ka ɗaukar ta 'yar kasuwa. Tun 1956 Donald Horton da Richard Wohl suka yi bayanin irin wannan shaƙuwa ta ɓangare ɗaya tsakanin mai kallo da mutumin cikin talabijin. Ita ba ta san ka ba, kai kuwa ji kake kamar 'yar gidanku ce. Don haka in tana ba da labarin rigimarta da ƙawa, ga kwalbar mai a kan madubi, tambarin na kallon ka daidai yadda akwatunan Sunlight suka yi, babu ɗamarar da za ka ɗaura. Sai wata a ƙasan bidiyon ta ce, "Anti, don Allah wane mai kike shafawa?" Shi ke nan, an buɗe kanti.

In atamfa ce ko turare, asarar ta kuɗi ce. Matsalar ita ce kayan da suka fi bin wannan hanya a wajenmu su ne mayukan hasken fata, da kayan mata, da magungunan ƙiba, kuma da yawansu haɗin gida ne marasa lambar NAFDAC. Wasu mayukan na ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi, wanda ke sirantar da fata ya bar nankarwa. Wasu na da sinadarin makuri, wato zaiba, mai lahanta ƙoda.

Doka tana ta bin sawu a baya. A Amurka, a 2022, an ci Kim Kardashian tarar dala miliyan 1.26 saboda ta tallata wani kuɗin kirifto ba ta bayyana cewa an biya ta dala 250,000 ba. A shekarar ce Najeriya ta maye gurbin APCON da hukumar ARCON, wadda ta ce tallan kafafen sada zumunta ma sai ta tantance shi kafin a saka. A ganina wannan zai kama mai riƙe kaya tana yabo. Kwalbar da aka ajiye kawai ba a ce komai a kanta ba fa, ta yaya jami'i zai tabbatar talla ce?

Manomin da ya sayi atamfa a kantin PZ, in ta yi zuba, ya san ƙofar da zai koma, ga suna a rubuce a jikin gini. Bara wata 'yar'uwata da ke karatu a Samaru ta sayi irin man nan da ta gani a kan madubin wata. Bayan wata biyu kumatunta suka yi ja, rana kaɗan ta taɓa su sai raɗaɗi. Likitan fata ya ce ta daina, kuma za a ɗau lokaci kafin fatar ta dawo. Da ta koma shafin don ta yi ƙorafi, ta tarar an goge bidiyon. A kan madubin yanzu wata kwalba ce daban, koriya.