Daga Fensir Zuwa Kyamara: Yadda Aka Riƙa Auna Gwanayen Ƙwallon Kwando

Alƙaluman da muke jifan juna da su a yau idan gardamar wanda ya fi gwaninta tsakanin Jordan da LeBron ta kaure ba rana ɗaya aka haife su ba. Kowanne da shekarar da ya shiga littafi, kuma duk abin da ya faru kafin shekarar tasa sai dai a ji a bakin dattawa. Lokacin da aka kafa gasar da ta zama NBA a Amurka a 1946, mai riƙe da fensir a gefen fili abu kaɗan yake rubutawa: maki, jifan da ya shiga da wanda ya kuskure, laifuffuka, da wanda ya miƙa aka ci. Sai a kakar 1950-51 aka fara ƙirga wanda ya cafe ƙwallon da ta ƙi shiga kwando, a kakar da ta biyo aka fara rubuta mintunan da ɗan wasa ya yi a fili.

Wasan kansa a lokacin tafiyar hawainiya yake yi. A Nuwamban 1950 Fort Wayne Pistons ta doke Minneapolis Lakers da 19 da 18, don kawai ta riƙe ƙwallo ta ƙi jefawa. Irin wannan ne ya sa a 1954 aka kawo agogon da ya tilasta wa ƙungiya jefa ƙwallo cikin daƙiƙa 24, bisa shawarar Danny Biasone mai ƙungiyar Syracuse, wanda ya raba daƙiƙa 2,880 na wasa da jifa 120. Daga nan wasa ya zama gudu, maki ya hau sama, kuma a nan ne matsalar kwatance ta samo asali.

Mu tsaya a kakar 1961-62, domin ita ce kakar da har gobe take rikita masu lissafi. Wilt Chamberlain ya riƙa cin maki 50.4 a kowane wasa, yana cafe ƙwallo 25.7, kuma matsakaicin zamansa a fili minti 48.5 ne, alhali wasan gaba ɗaya minti 48 ne. Ƙarin lokaci ne ya haura da shi, ga shi ba ya zama a benci. Ranar 2 ga Maris 1962, a garin Hershey, ya zuba wa New York Knicks maki 100 shi kaɗai. Babu hoton bidiyo na wasan. Abin da ya rage mana shi ne takardar sakamako, da muryar rediyo ta ƙarshen wasan, da hotonsa riƙe da farar takarda wadda Harvey Pollack, mai ƙididdigar ƙungiyar Wilt, ya rubuta 100 a kai. A wannan kakar dai Oscar Robertson ya haɗa maki 30.8 da cafewa 12.5 da miƙawa 11.4. Amma ƙungiyoyi tara ne kacal a gasar, kuma an kiyasta kowace ƙungiya tana kai hari kusan sau 125 a wasa, inda yau kusan ɗari ne. Jifa ya yi yawa, kuskure ya yi yawa, don haka ƙwallon cafewa ma ta yi yawa. Wanda ya ɗauki lambar Wilt ya ajiye kusa da ta ɗan wasan yau tamkar mai kwatanta albashin kakansa da nasa ne bai tambayi kuɗin buhun gero a kowane zamani ba.

Babban giɓin ma ba nan yake ba. Bill Russell ya ci kofi 11 cikin kaka 13 da Boston Celtics, kuma makaminsa shi ne tare ƙwallo a sama kafin ta kai kwando. Bai taɓa samun tarewa ko ɗaya a littafi ba, domin NBA ba ta fara ƙirga tarewa da ƙwace ƙwallo ba sai kakar 1973-74. Russell ya yi ritaya a 1969, Wilt kuwa ya bar gasar a 1973, watanni kaɗan kafin a buɗe shafin. Saboda haka idan muka ce Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, shi ne kan gaba a tarihi da tarewa 3,830, gaskiya muka faɗa, kuma abin alfahari ne. Sai dai tarihin da ake nufi daga 1973 ya fara. Asarar ƙwallo ta kowane ɗan wasa kuwa sai 1977-78 aka soma rubutawa, layin maki uku ya shigo a 1979-80, bayan an aro shi daga gasar ABA da aka haɗe da NBA a 1976.

Da shafuka suka cika, sai sha'awar narkar da su cikin lamba ɗaya ta taso. Dave Heeren ya fito da nasa tsarin mai suna TENDEX, Martin Manley ya fito da wanda ya fi sauƙi: a tara abin kirki, a cire jifan da ya kuskure da ƙwallon da aka zubar. Yaro ma zai iya yi da fensir, shi ya sa ya karɓu. Lahaninsa shi ne wanda ya fi daɗewa a fili, ko wanda ƙungiyarsa ta fi gudu, shi yake fin kowa.

Gyaran ya zo a farkon shekarun 2000, kuma tunanin ba sabo ba ne, domin koci Dean Smith na jami'ar North Carolina ya daɗe yana auna ƙungiyarsa da makin da take samu a kowane hari. Dean Oliver ya shimfiɗa wannan a littafinsa Basketball on Paper, ya ce nasara tana kan abubuwa huɗu: ingancin jifa, rashin zubar da ƙwallo, cafewa, da samun jifan kyauta. John Hollinger kuma ya ƙirƙiro PER, wanda yake auna ɗan wasa a kan minti, ya daidaita saurin ƙungiya, sannan ya ɗaure matsakaicin gasar a kan 15 kowace kaka. Wannan ɗaurin shi ne dabarar, shi ne kuma abin da masu gardama suke mantawa. Idan Nikola Jokić ya kai 32.8 a 2021-22, ya haye 31.8 na Wilt a 1962-63, abin da lambar take cewa shi ne Jokić ya yi wa tsaransa nisa fiye da yadda Wilt ya yi wa nasa. Ba ta ce komai a kan wanda zai kayar da wani in an haɗa su ba. Ta Wilt ma cikon kiyasi ce, tunda babu tarewa, babu ƙwace, babu asara a littafin zamaninsa.

A ganinmu PER ya sami martabar da ta fi ƙarfinsa, saboda sauƙin faɗa. Bai iya ganin mai tsaro ba. Bruce Bowen ya ci kofi uku da San Antonio Spurs, an zaɓe shi sau takwas cikin gwanayen tsaro, amma PER ɗinsa yawanci ko goma ba ya kaiwa. Hollinger da kansa bai musa wannan rauni ba. Shi ya sa wasu suka sauya tambayar: mu bar abin da ɗan wasa ya rubuta wa kansa, mu duba yadda maki yake tafiya idan yana fili da kuma idan yana benci. Wayne Winston da Jeff Sagarin sun yi wa Dallas Mavericks irin wannan lissafi, suna tace tasirin abokan wasa da na abokan hamayya. Daryl Morey ya karɓi ragamar Houston Rockets a 2007, Memphis Grizzlies ta ɗauki Hollinger a 2012. Masu kwamfuta sun shiga ofis.

Daga nan lissafi ya daina bin wasa a baya, ya fara tuƙa shi. Da aka tabbatar wa koci cewa jifan maki uku da ke shiga sau ɗaya cikin uku daidai yake da na maki biyu da ke shiga rabi, sai jifan tsaka-tsaki, wanda Jordan ya gina sunansa a kai, ya zama abin ƙyama. A kakar farko ta layin maki uku, ƙungiya ba ta kai gwaji uku a wasa ba. Yanzu ta haura talatin, Stephen Curry shi kaɗai ya zura 402 a 2015-16. Haɗa da dokar 2004 da ta hana mai tsaro ɗora hannu a jikin mai ƙwallo, fili ya buɗe, ingancin jifa ya tashi ga kowa. Ɗan wasan yau an rene shi ne a kan ma'aunin da ake auna shi da shi, na jiya kuwa bai san za a zo a yi masa wannan jarrabawa ba.

A kakar 2013-14 aka rataya kyamarori a rufin duk filayen NBA, suna ɗaukar matsayin kowane ɗan wasa da ƙwallo sau 25 a daƙiƙa. Yanzu ana iya sanin tazarar mai tsaro daga mai jifa, da yadda jifa yake lalacewa idan wane yana ƙarƙashin kwando, wato ainihin aikin Russell. Sai dai kowane sabon ma'auni yana ƙara yawan waɗanda ya bari a waje. Cikakken bayanin wasa hari bayan hari daga 1996-97 ya fara, don haka kaka biyu kawai ya kama daga cikin zaman Jordan a Chicago, kyamarorin kuwa sun zo shekara goma bayan ya ajiye takalmi a 2003. LeBron ma kakarsa goma ta farko, har da kofuna biyu da ya ci a Miami, sun wuce kafin kyamarorin su game filaye.